Cire tayar ranfilat a sa ta gama-gari: rim zai karɓa, amma ina safaya?

A 'yan shekarun nan, wasu daga cikin motocin da ke shigo mana Bauchi daga Kwatano da Legas suna zuwa da wani hali da direbobinmu ba su saba da shi ba: a buɗe but a tarar babu safaya, babu jak, wani lokaci babu ma ramin da ake kwantar da tayar a ciki. Mai saye yakan zargi dillali da cirewa, kuma akwai lokacin da zargin yake gaskiya, amma a yawancin BMW da aka ƙera daga 2005 zuwa sama, da Mini, da wasu Mercedes, da Toyota Sienna mai ja da ƙafa huɗu, kamfanin ne da kansa bai sa ba. Ya ɗora motar ne a kan tayar ranfilat, wadda take ci gaba da ɗaukar mota ko da iskar cikinta ta fice gaba ɗaya. Ranar da tayoyin nan suka cinye, mai mota ya je shago ya ji kuɗin sababbi, in ma an same su a gari, tambayar da take fara zuwa masa ita ce ko zai iya sa taya ta gama-gari a kan rim ɗin da yake da shi, ko kuwa sai ya sayi wani rim ɗin ma.

Amsar, ga kusan duk motar da za a gani a titin Bauchi ko Gombe, ita ce zai iya. Rim ɗin da aka yi domin ranfilat yana karɓar taya ta gama-gari matuƙar girmanta ya yi daidai da na wadda aka cire. Na lura mutane suna ɓata lokaci mai yawa a kan wannan tambaya, har wasu masu sayar da rim suna cin kasuwa da ita, alhali ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da mutum yake rabuwa da shi ranar da ya cire ranfilat shi ne tanadin da kamfani ya yi masa na fita daga daji idan taya ta fashe, kuma dole ne ya yi wa kansa wani tanadin a madadinsa.

A taya ta gama-gari, iska ce take ɗauke da nauyin mota, shi ya sa da zarar ta fita sai tayar ta kwanta, rim ya hau kanta ya yanka ta. Ita kuwa ranfilat an ƙara wa gefenta, wurin da ake rubuta lambobi, roba mai kauri da tauri wadda take jure zafi, ta yadda idan iska ta fita gefen zai tsaya da ƙafarsa ya riƙe motar. Ƙa'idar da yawancin kamfanoni suka gindaya ita ce tafiyar kilomita 80 a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ɗaya ba, kuma idan mota ta yi lodi sosai ko kwalta ta ɗauki zafi irin na watan Maris da Afrilu, bai kamata a yi tsammanin samun dukan wannan nisan ba. Kowane kamfani da alamar da yake sa wa tasa. Bridgestone suna rubuta RFT, Continental SSR, Michelin ZP, Goodyear ROF ko EMT, Dunlop DSST, Pirelli kuma suna rubuta sunan a fili. A tayoyin da aka yi wa BMW akan ga RSC a cikin da'ira, a na Mercedes kuma MOE. Yana da kyau mai mota ya durƙusa ya duba ƙafafun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin ya yanke shawarar komai, domin mota da ta wuce ta hannun mutum biyu ko uku kafin ta iso mana ba kasafai take zuwa da tayoyi iri ɗaya ba.

Tsarin yana da ma'ana a ƙasar da aka ƙera shi dominta, inda a cikin kilomita 80 mutum zai sami shago mai irin tayarsa da injin cire ta. A nan kuwa, daga Bauchi zuwa Gombe kusan kilomita 150 ne, zuwa Jos kusan 130, zuwa Wikki a cikin Yankari ma ya haura 100. Idan ƙusa ta huda taya a wajajen Alkaleri, ranfilat za ta kai mutum gari, wannan babu shakka. Sai dai ya isa garin da tayar da ta gama aikinta, domin tafiya ba iska tana dafa robar gefen daga ciki, ɓarnar kuma ba ta nunawa daga waje. Continental da Pirelli ba su yarda a yi wa ranfilat ɗinsu faci ba, wasu kamfanonin kuma sun yarda bisa sharuɗɗa, bayan an cire tayar an duba cikinta. Mai motar da ke neman 255/40 R17 ranfilat a Bara ko Darazo ko Ningi zai kwana yana jiran a ɗoro masa ita a mota daga Kano ko Abuja. Wannan, da tsada, da yadda tayar take aika kowane rami kai tsaye zuwa bayan direba, su ne suke sa yawancin mutane su haƙura da ita. Ban ga laifinsu ba. Duk da haka ba zan rage mata abin da take da shi ba: idan taya ta fashe ana tsakiyar gudu, ranfilat ba ta fizgar sitiyari kamar yadda ta gama-gari take yi, kuma wanda yake yawan tafiyar dare a hanyar da ba a son tsayawa, ko dattijon da ba zai iya ɗaga taya ba, yana da hujjar ci gaba da biyan kuɗinta.

Game da rim, komai a rubuce yake a jikinsa, sai dai rubutun yana ta ciki, a bayan ƙafafun rim ɗin, inda ba a gani sai an kwance shi an goge ƙurar burki. A rim ɗin BMW mutum zai iya ganin abu kamar 8Jx17 EH2+ IS34. Lamba 8 faɗin rim ne a inci, J siffar leɓensa ce, 17 kuma girmansa ne a inci. EH2 ko EH2+ su ne suke nuna an yi shi da ranfilat a zuci. A cikin kowane rim na tayar da ba ta da tif akwai ɗan tudu da ya zagaye shi kusa da leɓe ta ɓangarori biyu, aikinsa hana bakin taya zamewa ciki idan iska ta yi ƙasa. A rim na gama-gari, wanda aka fi rubuta wa H2, tudun ƙarami ne. A EH2 an ɗan ƙara masa girma domin ya riƙe bakin tayar da take tafiya babu iska kwata-kwata. Iyakar bambancin ke nan. Wurin da bakin taya yake zama, da girman rim, da leɓensa duk irin na kowa ne, saboda haka taya ta gama-gari tana hawa ta zauna daram, tudun ma ƙarin riƙo yake yi mata. Duk wanda ya ce wa mai mota sai ya zubar da rim ɗinsa na asali kafin ya sa taya ta gama-gari, ko dai bai sani ba, ko kuma yana da rim na sayarwa.

Akwai tsari ɗaya da ya fita daga wannan magana, kuma ya kamata a san shi domin motocin Amurka suna shigo mana da yawa. Shi ne PAX na Michelin, wanda aka fi sani a Honda Odyssey samfurin Touring daga 2005 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya, da wasu Nissan Quest da Acura RL. A wannan tsari ba gefen taya ne yake ɗaukar mota ba, wani zobe ne mai tauri da aka ɗaura a jikin rim a cikin tayar. Rim ɗin kansa daban yake, girmansa da milimita ake auna shi, shi ya sa lambar tayar take zuwa kamar 235-710R460A, wadda ba ta yi kama da lambar kowace taya da muka sani ba. Babu tayar gama-gari da za ta hau wannan rim, kuma Michelin sun daɗe da barin tsarin. Wanda motarsa ta zo da shi ba shi da zaɓi illa ya canza rim huɗu da taya huɗu a lokaci ɗaya.

Inda tudun EH2 yake nuna halinsa shi ne wurin cirewa da sawa. Na tsaya na kalli wani mai faci a bakin hanyar Jos yana fama da ranfilat ta wata BMW da liba biyu da guduma. Ya taka tayar da ƙafa kamar yadda ya saba, ko gezau ba ta yi ba. Ya zuba ruwan sabulu, ya soka liba tsakanin leɓen rim da bakin taya, yaronsa ya hau ɗaya gefen da dukan nauyinsa, gumi yana ɗiga a kan alminiyon, leɓen rim ɗin kuma yana samun sabon tabo a duk inda libar ta dafa. Ya ɗago kai ya ce wa mai motar, "Alhaji, wannan taya taka ba ta jin magana." Shi kuma ya amsa masa da cewa, "Malam, bi ta a hankali, akwai na'ura a bayan bawul ɗin nan." Gaskiyar Alhajin ce. A motoci da yawa akwai 'yar na'urar auna iska da aka ɗaure a ƙarshen bawul ta cikin rim, kuma liba ɗaya da ta sauka a kanta ta isa ta karya ta. Masu facinmu gwanaye ne a kan tayar da suka saba da ita, amma ranfilat a kan EH2 aikin inji ne, kuma a Bauchi da Gombe akwai shagunan da suke da injin cire taya da na balansin. Ko ba domin komai ba, wannan cirewa ta ƙarshe a kai ta can. Bayan an koma taya ta gama-gari, mai faci na bakin hanya zai iya aikinsa, in dai an nuna masa inda na'urar take.

Kafin a ɗora sabuwar taya, lokacin da rim yake tsirara, shi ne lokacin duba shi da kyau. Taurin gefen ranfilat yana sa duk dukan da rami ya yi ya wuce zuwa rim, musamman manya masu inci 18 da 19 waɗanda tayarsu ba ta da tsawon gefe. Tsagewa takan fara ne daga leɓen ciki, ɓangaren da ke fuskantar ƙarƙashin mota, siririya kamar gashi, kuma alamarta ita ce taya da take rage iska a hankali ba tare da an ga ƙusa ba. A ɗora rim ɗin a injin balansin a juya shi a ga ko yana rawa. Ana yi wa rim walda a ko'ina, na sani, amma ni ba zan sa rim mai walda a ƙafar gaba in hau hanyar Kano da iyali ba.

Sai zaɓen tayar kanta. Mutane sukan riƙe lambobi uku na farko su manta da na ƙarshe. A 225/45 R17 91W, 225 faɗin taya ne a milimita, 45 na nufin tsawon gefenta kashi 45 cikin ɗari ne na faɗin, 17 girman rim ne. Lamba 91 kuwa nauyin da tayar za ta iya ɗauka ne, kilo 615, W kuma iyakar gudunta, kilomita 270 a awa. H tana tsayawa a 210, V a 240, T a 190. Ba wanda zai yi gudun 270 a hanyar Dass, amma harafin yana kuma nuna yadda tayar take jure zafi, abin da ya shafe mu kai tsaye. Lambar nauyi ita ce ba a wasa da ita. Kada ta yi ƙasa da abin da ke rubuce a takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, kuma idan takardar ta nuna XL, wato taya mai ƙarin ƙarfin ɗaukar kaya, to XL ɗin za a nema. Wannan ya fi shafar masu Sienna. Samfurin 2004 zuwa 2010 mai ja da ƙafa huɗu ya zo da 225/60 a kan rim mai inci 17 da lambar nauyi 98, kilo 750 a kowace ƙafa, kuma duk wanda ya ga yadda ake loda Sienna a tasha, fasinja cike, but cike, ya san ba motar da za a rage wa lambar nauyi ba ce domin a sami rangwamen kuɗi.

Wasu BMW suna zuwa da tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi, misali 225/45 R17 a gaba a kan rim mai faɗin inci 8, da 255/40 R17 a baya a kan mai inci 8.5. A irin wannan mota, a bi abin da aka tarar, kuma a san cewa ba a musanya gaba da baya.

Abin da nake ganin ya fi kowanne yawa a garin nan, kuma ya fi hatsari, shi ne haɗa iri biyu. Taya ɗaya ta lalace, kuɗin huɗu bai samu ba, sai a sayi ta gama-gari ɗaya a sa a gefen hagu, dama kuma tana nan da ranfilat. A tafiyar cikin gari daga Yalwa zuwa Wunti ba za a ji komai ba. Amma gefe ɗaya mai tauri ne, ɗayan mai laushi, kuma ranar da aka taka burki da ƙarfi ko aka kauce wa akuya a guje, kowace ƙafa za ta amsa a lokacinta daban. Daidai shi ne a canza huɗun tare. Idan hali bai yi ba, mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi shi ne biyun gaba su zama iri ɗaya, biyun baya su zama iri ɗaya, a kuma ɗauke shi a matsayin zaman jira. A mota mai ja da ƙafa huɗu, irin BMW xDrive ko Sienna, ko wannan ban ba da shawararsa ba, domin bambancin tsawon taya tsakanin gaba da baya, ko da na cinyewar zane ne kawai, yana sa akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya aikin da ba ya hutawa, gyaransa kuma ya ninka kuɗin taya biyu.

Bayan canji, motar za ta yi laushi, ƙarar ƙananan ramuka za ta ragu, sitiyari kuma zai ɗan rage kaifin amsawa, domin an daidaita sifirin da shokozoba ne da taurin ranfilat. Yawancin direbobi sun fi son sabon yanayin. Ga mai fargabar cewa motar ba za ta riƙe hanya ba, ya isa a tuna cewa BMW da kansu sun fitar da M3 ta zamanin E90 (lambar samfurin BMW 3 Series da ya fito a 2005), wadda ta fi duk 'yan'uwanta gudu, a kan taya ta gama-gari. Iskar da za a sa ita ce dai wadda ke rubuce a jikin ƙofa, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Idan takardar ta nuna iska da ma'aunin "bar", gejin mai faci kuma da fam yake karatu, "bar" ɗaya daidai yake da fam 14.5, wato "bar" 2.2 ya kama kusan fam 32. Fitilar iska da ke dashbod tana ci gaba da aiki da taya ta gama-gari, sai dai a sake saita ta bayan an gama. Wasu motocin, kamar yawancin BMW E90 da suka fito daga Turai, ba su da na'ura a cikin taya, suna gane raguwar iska ne daga saurin juyawar ƙafa ta hanyar ABS, tsarin da ke hana ƙafa kullewa idan an taka burki. Na Amurka kuwa, inda doka ta wajabta tsarin ga duk sabuwar mota tun daga Satumba 2007, galibi suna da na'urar a bawul, kuma idan za a sayi madadinta a lura cewa yawancin na Amurka a kan mitar rediyo 315 MHz suke magana, na Turai a kan 433.

Da yake ramukanmu ba sa ƙarewa, da yawa sukan yi amfani da wannan dama su ƙara tsawon taya, su sa 225/50 R17 a gurbin 225/45 R17. Lissafin ba shi da wuya. Ta farko tsawonta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 634 ne, ta biyun kusan 657, bambancin kashi 3.5 cikin ɗari. Motar za ta ɗaga da milimita 11 kacal, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da abin da ake yi, kuma tayar tana iya gogar jiki idan aka karya sitiyari gaba ɗaya da lodi. Masu sana'ar taya sukan tsaya a kashi 3 a matsayin iyaka. Hanyar da ta fi tsabta ga mai son gefe mai tsawo ita ce ya rage rim, ya bar tsawon taya yadda yake. A E90, 225/40 R18 da 225/45 R17 da 205/55 R16 duk tsawonsu kusan ɗaya ne, amma gefen ta farko milimita 90 ne, ta biyu 101, ta uku 113. Wannan ƙarin roba da iska shi ne yake shiga tsakanin rami da rim. Sharaɗin kawai shi ne ƙaramin rim ya wuce kan burki, domin masu babban inji irin 335i burkinsu ba ya shiga cikin inci 16.

Da zarar an shiga maganar sayen wani rim, ko na ado ko na safaya, to nan ne dacewa take zama tambaya ta gaske. Abu na farko shi ne tazarar ramukan noti. Yawancin tsofaffin BMW 5x120 ne, wato ramuka biyar a kan da'irar milimita 120, sababbin da lambar samfurinsu ta fara da G sun koma 5x112, wanda shi ne na Mercedes, Toyota irin Camry da Sienna kuma 5x114.3. Tsakanin 112 da 114.3 milimita 2.3 ne kawai, ido ba zai raba su ba, kuma yaron shago mai ƙarfi zai iya ɗaure notin su shiga. Sun shiga ne a karkace, kowanne yana jan ɗan'uwansa, kuma ƙarshensu kwancewa ko karyewa a kan hanya. Na biyu shi ne ramin tsakiya, wanda yake zama a kan cibiyar ƙafa: milimita 72.6 a yawancin tsofaffin BMW, 66.6 a Mercedes, 60.1 a Toyota, 64.1 a Honda. Idan ramin ya yi ƙarami, rim ba zai zauna ba. Idan ya yi girma, sai an sa zoben cike gurbi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa karkarwa a guje, a yi ta kai mota balansin ba a gane dalili ba. Odyssey ɗin da na ambata ma 5x120 ce kamar BMW, abin da yake ruɗar masu neman fita daga PAX, amma ramin tsakiyarta da notinta daban ne. Na uku shi ne lambar da ke bayan ET ko IS, wadda take nuna yadda rim yake shiga ciki ko fitowa waje. Rim ɗin BMW E60 mai ja da baya, wanda lambarsa take wajajen 20, zai hau E90 mai wajajen 34 ya ɗauru lafiya, amma zai leƙo waje ya riƙa gogar jikin mota. Na ƙarshe shi ne siffar wuyan noti: na BMW mai tsini ne, na Mercedes mai zagaye, kuma noti da bai dace da mazauninsa ba yana taɓa rim ne da ɗan siririn wuri ko da an ɗaure shi tamau.

Akwai masu cewa mafita ita ce tokumbo ranfilat, tunda ta fi sabuwa sauƙi. A cikin dukan tayoyin hannu, ita ce wadda na fi gudu. Taya ta gama-gari da aka yi tafiya da ita babu iska tana tona asirin kanta, gefenta zai nuna. Ranfilat da ta cinye kilomita 80 ɗinta a wata ƙasa tana iya tsayawa a shago tana sheƙi, da zane cike. Tun da Michelin suka rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma suka rufe ta Ikeja a 2008, kasuwar tayar ƙananan motoci ta dogara ne da shigowa daga waje, kuma duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su, kowa ya san inda ake samunsu. Ko sabuwa ce ko tsohuwa, a karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana wa'azin shekara huɗu daga ranar ƙira, kamfanoni irin Michelin kuma suna cewa a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta kai biyar, a cire ta a shekara goma komai kyan zanenta. Da zafin rana irin namu, na fi karkata ga lissafi mai gajarta.

Saura tanadin hanya, wanda shi ne ya kamata a sa a cikin kasafin tun kafin a je shago. Taya huɗu na gama-gari a motar da ba ta da safaya sun mai da ita motar cikin gari. Gwangwanin ruwan toshe huji da ɗan famfon lantarki da wasu motocin suke zuwa da su suna maganin ƙusa a tsakiyar zane, amma ba sa yin komai ga gefen da bakin rami ya yaga, wanda shi ne irin facin da aka fi samu a hanyar Gombe zuwa Yola ko ta Dukku, ga kuma ɓata na'urar bawul da ruwan yake iya yi. Abin da ake buƙata shi ne safaya ta gaske. Siririyar nan ta wucin gadi tana cin wuri kaɗan, amma ita ma iyakarta kilomita 80 a awa, kuma iskarta fam 60 ce, ba 32 ba. Cikakkiya ta fi dacewa da mai doguwar tafiya, sai dai a E90 babu rami dominta, za ta kwanta ne a tsakiyar but ta cinye rabin wurin kaya, kuma dole a ɗaure ta da igiya mai ƙarfi kada ta riƙa yawo. A Sienna mai ja da ƙafa huɗu, wurin da 'yar'uwarta mai ja da gaba take rataye safaya a ƙarƙashi shi ne sandar da ke kai ƙarfi baya ta bi, saboda haka masu ita sukan ajiye tayar a ramin da ke bayan kujerun ƙarshe. A irin wannan mota tsawon safaya ya zama daidai da na sauran huɗun.

Safaya kuma ba ta aiki ita kaɗai. BMW tana da wurare huɗu na roba a ƙarƙashin gefenta inda jak yake shiga, jak ɗin wata mota da aka kafa a wani wuri daban yana lotsa ƙarfen ko ya zame. Kan notin BMW da Mercedes lamba 17 ne, na Toyota 21, saboda haka sifanar da aka aro daga Camry ba za ta yi amfani ba. Wasu motocin suna da noti ɗaya na kulle a kowace ƙafa, mai buƙatar makullinsa na musamman, kuma sau da yawa makullin yana ɓacewa tun a tashar jirgin ruwa. Gara a gano haka a gida a sa bakanike ya cire su ya sa na gama-gari. Idan an haɗa kayan, a gwada safayar a ƙafar gaba, inda burki ya fi girma, a ƙofar gida da rana, da jak ɗin da sifanar da za a yi tafiya da su, a juya tayar da hannu a saurara ko tana taɓa wani abu. Notin da aka ɗaure da bindigar iska a shago kuma a sa a sassauta su a sake ɗaurewa da hannu a gaban mai motar, a ma'aunin ƙarfin ɗauri, Nm 120 ga E90, 140 ga F30 da ta biyo bayanta, sannan a sake bin su da sifana bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ta farko.